Idan An Sayar da Asibitin Jama'a, Wa Ke Gadon Kuɗin?

A ranar 30 ga watan Maris na 1945, saura 'yan makonni a kammala Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, aka harbe Manjo Janar Maurice Rose na sojojin Amurka a kusa da garin Paderborn da ke Jamus. Ɗan wani malamin addinin Yahudu ne, kuma a birnin Denver na jihar Kolorado ya tashi. A daidai wannan lokaci Yahudawan birnin suna cikin shawarar gina asibiti, domin likitocinsu na shan wahala kafin a ba su izinin kwantar da majinyata a asibitocin da ake da su, sai suka ga babu abin da ya fi dacewa da su sa wa sabon asibitin sunan ɗansu da ya faɗi a fagen fama. Aka shiga karɓar gudummawa daga attajirai da talakawa, Janar Dwight Eisenhower ya aza tubalin ginin a 1948, aka buɗe ƙofa a 1949 bisa alkawarin cewa ba za a mayar da likita ko majinyaci ba saboda addininsa ko launin fatarsa.

Shekara 46 bayan haka, a 1995, kwamitin amintattun asibitin ya sayar da shi ga Columbia/HCA, kamfanin da ya fi kowane kamfani yawan asibitocin kasuwa a Amurka a wancan zamani. Kuɗin da cinikin ya bari, kimanin dala miliyan 170, bai shiga aljihun amintattu ba, kuma ba a mayar da shi ga jikokin waɗanda suka ba da gudummawar farko ba. Da shi aka kafa gidauniyar da ake kira Rose Community Foundation, wadda har yau take raba tallafi a Denver da kewayenta. Irin wannan labari ya maimaitu a birane da ƙananan garuruwa masu yawa, har ƙungiyar Grantmakers In Health, mai bin diddigin masu ba da tallafin lafiya, ta ƙirga gidauniyoyi kimanin 300 da suka fito daga cinikin asibitoci ko kamfanonin inshorar lafiya. Ra'ayina shi ne, halin da gidauniya irin wannan za ta ɗauka na shekaru hamsin masu zuwa ana tsaida shi ne a cikin 'yan watannin da ake ciniki, sa'ad da ake yanke farashi, ana rubuta manufa, ana kuma zaɓen waɗanda za su zauna a kujerun kwamiti, kuma galibi a lokacin jama'ar gari ba su ma san ana yi ba.

Dole a fara da fahimtar abin da ake nufi da asibitin da ba shi da mai shi. A dokar Amurka, asibitin da aka yi wa rajista a matsayin ƙungiyar agaji ba shi da masu hannun jari, kuma duk rarar da ya samu a ƙarshen shekara wajibi ne ta koma cikin aikinsa. Amintattun da ke tafiyar da shi masu riƙon amana ne kawai, suna iya ɗaukar shugaba ko sallamarsa, suna iya cin bashi ko gina sabon sashe, amma ba su da ikon ɗaukar ko kwabo su kai gida a matsayin riba. To ina darajar da ta kai miliyoyin daloli ta fito? Wani ɓangare ya fito daga gudummawa da wasiyyoyin mutanen gari. Wani ɓangare ya fito daga lokacin masu aikin sa kai da ba a taɓa biyansu ba. A asibitoci da yawa akwai kuɗin gwamnatin tarayya na dokar Hill-Burton ta 1946, wadda ta taimaka wajen gine-gine bisa sharaɗin a riƙa duba wani adadi na marasa hali kyauta. Ɓangaren da ba a cika gani ba kuwa shi ne harajin da aka yafe, wato harajin riba da na fili da gine-gine wanda asibitin bai biya ba shekara da shekaru, alhali maƙwabtansa masu shaguna da gidaje suna biyan nasu, suna kuma cike gurbin da ya bari. Wannan yafiya ba kyauta ba ce, kuma tun 1969 hukumar tara haraji ta tarayya ta ɗaura ta a kan abin da ta kira amfanin al'umma, kamar buɗe sashen gaggawa ga kowa da kuma samun kwamitin da ya ƙunshi mutanen gari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka idan aka sayar da ginin da injinan da sunan, abin da aka mayar kuɗi gumin mutane ne na tsawon zuriya biyu ko uku, kuma su ne magada na haƙiƙa ko da babu takardar da ke ɗauke da sunayensu.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya sa amintattu za su rabu da asibitin da iyayensu suka gina. Ba kasafai kwaɗayi ne dalili ba, ko da yake ya taɓa zama dalili a wasu wurare. Lokacin da aka kafa shirin Medicare a 1965 domin biyan kuɗin jinyar tsofaffi, gwamnati tana biyan asibiti ne gwargwadon abin da ya kashe, don haka ƙaramin asibiti mai tsayuwa shi kaɗai yana iya rayuwa cikin rufin asiri. A 1983 aka sauya tsarin, aka koma biyan ƙayyadadden kuɗi a kan kowane nau'in cuta, ko majinyaci ya kwana uku ko ya kwana goma sha uku. Daga nan kowane ƙarin kwana ya zama asara ga asibiti. Kamfanonin inshora su ma suka fara haɗa dubban masu biyan kuɗi a hannu guda suna neman ragi, kuma asibitin da ba shi da 'yan'uwa a bayansa ba shi da bakin cewa a'a. Ga tsadar na'urori, ga gine-ginen da suka tsufa, ga kuma wahalar samun jari tunda ƙungiyar agaji ba ta da hannun jarin da za ta sayar a kasuwa. Shekara biyu kacal bayan sauyin, a 1985, aka ga manyan cinikayya guda biyu: an sayar da asibitocin Presbyterian da St. Luke's na Denver ga kamfanin American Medical International, abin da ya haifi gidauniyar Colorado Trust da dala miliyan 191, aka kuma sayar da asibitin Wesley na birnin Wichita ga kamfanin asibitocin kasuwa na HCA, inda gidauniyar da ake kira Kansas Health Foundation a yau ta samo tushe. Guguwar ta ƙara ƙarfi bayan Columbia da HCA sun haɗe a 1994, ta kuma lafa a 1997 sa'ad da hukumomin tarayya suka fara binciken kamfanin a kan yadda yake cajin Medicare, har shugabansa Rick Scott ya sauka. Cinikin asibitin Rose ya faɗo ne a tsakiyar wannan guguwa.

Ƙa'idar da ta hana kuɗin watsewa tsohuwa ce, kuma daga dokokin amana na Ingila Amurka ta gaje ta. Dukiyar da aka keɓe domin aikin alheri tana nan a matsayinta na amana ko da siffarta ta sauya daga gini zuwa tsabar kuɗi. Idan ainihin aikin da aka keɓe ta dominsa ya gagara, kotu na da ikon karkatar da ita zuwa aikin da ya fi kusa da nufin masu bayarwa, kuma lauyoyi na kiran wannan ƙa'ida da tsohuwar kalmar Faransanci, cy près, wato mafi kusa gwargwadon iko. Wanda ya san bahasin malaman fiƙihu a kan musanya kadarar waƙafi idan amfaninta ya yanke ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin tambayar ɗaya ce: yaya za a mutunta nufin wanda ya ba da dukiya bayan duniyar da ya sani ta shuɗe? Sai dai akwai wata matsala da ta keɓanta da amanar jama'a. Idan marayu ne ke da dukiya, suna da waliyyi, kuma in sun girma za su iya kai ƙara da kansu. Jama'ar gari kuwa ba mutum ɗaya ba ne, kuma a galibin jihohi kotu ba ta sauraron wanda ya zo kawai da hujjar cewa shi mazaunin gari ne. Wanda doka ta ɗora wa tsayuwa a madadinsu shi ne babban lauyan jiha, kuma ƙarfin halinsa ko sakacinsa ya yi tasiri a kan waɗannan gidauniyoyi fiye da yadda tarihinsu na hukuma yake nunawa.

Wurin da aka fi buƙatarsa shi ne wurin yanke farashi. A cinikin da aka saba, mai sayarwa yana ja ne domin kuɗin aljihunsa zai shiga, shi ya sa ba ya sallamawa da wuri. A nan kuwa masu sayarwa ba su da kaso a cikin kuɗin, wani lokaci ma shugabannin asibitin suna sa ran ci gaba da aiki a ƙarƙashin mai saye, da sabon albashi ko hannun jari. Ba sai an zargi kowa da cin amana ba kafin a gane cewa tsarin da kansa ba ya tura kowa ya ja farashi sama. Darasin da ya fi fitowa fili ya zo ne daga Kalifoniya, kuma daga kamfanin inshora ne ba asibiti ba. Lokacin da Blue Cross ta jihar ta mayar da mafi yawan harkokinta ƙarƙashin kamfanin kasuwa mai suna WellPoint, abin da ta fara tayi domin ayyukan agaji dala miliyan 100 ne. Hukumar jiha da ƙungiyoyin kare masu saye suka ƙi yarda, aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe a 1996 aka kafa gidauniyoyi biyu, California Endowment da California HealthCare Foundation, da dukiyar da ta haura dala biliyan 3. Tazarar da ke tsakanin tayin farko da abin da aka tsaya a kai ta ninka sau talatin, kuma da babu wanda ya ɗaga murya da tayin farko ne zai zama tarihi. Wannan da makamantansa ne suka sa jihohi suka fara yin dokoki na musamman, Nebraska da Kalifoniya a 1996, Rhode Island a 1997, wasu kuma suka biyo baya. Dokokin sun bambanta, amma galibinsu sun tanadi cewa a sanar da babban lauyan jiha kafin a kulle ciniki, a samu ƙwararren da ba shi da alaƙa da ɓangarorin ya kimanta kadarar, a kuma kira taron jin ra'ayin jama'a.

Bayan farashi sai manufa, kuma a nan ne gardamar ta fi daɗi domin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Masu tsattsauran karatu na ƙa'idar mafi kusa suna cewa kuɗin asibiti ne, don haka a kashe shi a kan jinyar marasa hali, a biya musu kuɗin tiyata da magani, a buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a unguwannin da babu. Ɗaya ɓangaren yana cewa abin da ke kwantar da mutum a gadon asibiti tun daga gida yake farawa, daga ɗakin da yake kwana, da abincin da yake iya saye, da makarantar da ya samu ko bai samu ba, saboda haka gidauniyar da ta tsaya ga biyan kuɗin jinya tana ɗiban ruwa ne da kwando. Gidauniyar Rose ta bi hanya mai faɗi, ta shafe shekaru tana raba tallafinta a fannoni biyar, wato tsofaffi, yara da iyali, ilimi, lafiya, da rayuwar al'ummar Yahudawa. Fanni na ƙarshe shi ne tambarin asali, wato amincewa da cewa wata al'umma ce takamaimai ta fara tara kuɗin, ko da yake ta gina asibitin domin kowa.

Ni dai na fi karkata ga masu faɗaɗa manufa, amma ba don hujjarsu ta fi daɗin ji ba, sai don lissafi ya tilasta. Gidauniyar da ke son ɗorewa ba ta taɓa uwar kuɗi, tana zuba ta a kasuwar hannun jari da takardun lamuni, tana kashe kusan kashi 5 cikin 100 a shekara, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da dokar haraji ta wajabta wa gidauniyoyi masu zaman kansu. Kashi 5 cikin 100 na dala miliyan 170 shi ne dala miliyan 8 da rabi. Wannan kuɗi ne mai yawa idan ana maganar horar da ma'aikatan jinya, ko tallafa wa ƙungiyar da ke kai wa tsofaffi abinci, ko biyan masu bincike su gano unguwar da jarirai suka fi mutuwa. Idan kuwa aka ce da shi za a biya kuɗin tiyatar zuciya da wankin ƙoda na duk wanda ba shi da inshora a babban birni, ba zai kai ko'ina ba kafin ya ƙare. Abin da ya kamata a faɗa wa jama'a tun ranar ciniki, kuma ba a cika faɗa ba, shi ne cewa gidauniya ba za ta maye gurbin asibitin ba. Abin da asibitin agaji yake yi na karɓar wanda ba zai iya biya ba, da riƙe sassan da ba su kawo riba kamar na masu taɓin hankali ko na haihuwa a karkara, yana tsira ne kawai idan an rubuta shi a cikin yarjejeniyar ciniki a matsayin wajibi a kan mai saye. Haɗarin faɗaɗa manufa kuma a bayyane yake, domin idan kalmar lafiya ta isa ta ɗauki kowane aiki, to babu abin da zai hana kwamiti kashe kuɗin majinyata a kan abin da 'yan kwamitin ke sha'awa.

Ya kamata a tsaya a kan kalmar al'umma da ke cikin sunan, domin ba kowace gidauniyar da ta fito daga asibiti ce gidauniyar al'umma ba a ma'anar da masana harkar ke nufi. Wannan salo ya faro ne a birnin Cleveland a 1914, a hannun Frederick Goff, lauya kuma shugaban bankin Cleveland Trust. Abin da ya dame shi shi ne wasiyyoyin da masu su suka ɗaure da sharuɗɗan da zamani ya wuce, har mamaci ya ci gaba da riƙe linzamin dukiya daga kabari alhali buƙatun masu rai sun sauya. Maganin da ya kawo shi ne asusu guda na gari wanda mutane da yawa za su zuba wa kuɗi, banki ya kula da jarin, kwamitin mutanen gari ya yanke inda tallafi zai tafi, kuma kwamitin ya samu ikon sauya manufar kowace kyauta idan ta zama marar amfani. Dokar haraji ta 1969 ta raba gidauniyoyi gida biyu. Akwai mai zaman kanta, wadda kuɗinta ya fito daga tushe ɗaya, kamar iyali ko kamfani, wadda aka ɗora wa sharuɗɗa masu tsauri. Akwai kuma ta jama'a, wadda dole ta riƙa nuna cewa wani kaso mai kauri na abin da ke shigo mata, a ƙa'ida kashi ɗaya cikin uku, daga jama'a yake fitowa. Gidauniyar da aka haifa daga cinikin asibiti tana tsakiya ne, domin kuɗinta ya zo a dunƙule rana ɗaya kamar na attajiri, amma asalinsa na dubban mutane ne. Colorado Trust ta zauna a matsayin mai zaman kanta. Rose ta zaɓi ta zama ta al'umma, abin da ya wajabta mata ci gaba da neman gudummawa, da buɗe ƙananan asusu ga iyalai da ɗaiɗaikun mutane a ƙarƙashin inuwarta. A ganina wannan wajibi alheri ne a gare ta, domin wanda dole ya koma wurin mutane kowace shekara yana roƙo ba ya iya daina sauraronsu, wanda kuwa ya gaji dukiyar da ta ishe shi har abada sai in ya ga dama.

Akwai wata hanyar kuma da ba ta fara da ciniki ba. Kusan kowane babban asibitin agaji yana da reshen tara gudummawa, wanda aikinsa shi ne shirya liyafar neman taimako da karɓar wasiyyoyi domin sayen na'ura ko gina ɗaki. A garin Wheat Ridge da ke gefen Denver, Kiristoci mabiya ɗarikar Lutheran sun kafa tantuna a 1905 domin jinyar masu tarin fuka, wurin ya girma ya zama cikakken asibiti, a 1975 kuma aka kafa masa irin wannan reshe. Da asibitin ya shiga haɗaka da wasu asibitoci, sai reshen ya fara tsayuwa da ƙafarsa, ya ɗauki sunan Community First Foundation, kuma tun 2010 yake shirya ranar gudummawa ta shekara-shekara ta intanet domin ƙungiyoyin agaji na duk jihar, har daga baya ya koma amsa sunan Colorado Gives Foundation. Wannan ta fara ne da sanin yadda ake roƙo kafin ta san yadda ake rabo, kuma sana'ar da ta koya a ƙofar asibiti ita ce ta zama babban aikinta.

Saura batun kujeru, wanda a zahiri shi ne ke yanke sauran. Abin da ya fi sauƙi a ranar ciniki shi ne amintattun asibiti su tashi daga wannan teburi su koma wancan, su zama amintattun gidauniya, su kuma rubuta a tsarin mulkinta cewa su ne za su riƙa zaɓen magadansu. Suna da hujja, tunda su suka san tarihin, su kuma suka ba da shekarunsu kyauta. Amma tafiyar da asibiti da raba tallafi sana'o'i ne daban, kuma kwamitin asibiti galibi na manyan likitoci ne da 'yan kasuwa da lauyoyi, ba na mutanen da ke jira a sashen gaggawa ba tare da inshora ba. Har iyakar ƙasa tana zama abin rigima. Lokacin da aka sayar da rukunin asibitocin Health Midwest ga HCA (sunan da Columbia/HCA ya koma amsawa) a 2003 a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 1, asibitocin suna warwatse ne a ɓangarori biyu na iyakar jihohin Misuri da Kansas, kowace jiha kuma ta ce mutanenta na da haƙƙi. Sai da aka je kotu kafin a raba, kashi 80 cikin 100 ga gidauniyar ɓangaren Misuri, kashi 20 ga ta ɓangaren Kansas, wadda ake kira REACH Healthcare Foundation. Ta ɓangaren Misuri, wadda yanzu ake kira Health Forward Foundation, ta nuna wani aiki da mutane ba su cika tsammani daga gidauniya ba, domin ita ce ta kai HCA ƙara a 2009 tana cewa kamfanin bai cika alkawarin kuɗin da ya ce zai zuba wajen gyara tsofaffin asibitocin ba. A 2013 alƙali ya umarci kamfanin ya biya dala miliyan 162, aka ci gaba da ɗaukaka ƙara har aka sasanta a 2017. Da a ce kwamitin gidauniyar cike yake da mutanen da ke jin nauyin mai saye, da wuya a ce an shigar da wannan ƙara.

Cinikin rukunin asibitocin Mission Health na birnin Asheville a jihar Karolina ta Arewa ya nuna yadda darussan shekarun baya suka taru wuri ɗaya. A 2019 HCA ya sayi rukunin a kan kimanin dala biliyan 1.5, kuɗin kuma ya tafi ga sabuwar gidauniya mai suna Dogwood Health Trust, wadda aka ɗora wa hidimar gundumomi 18 na yammacin jihar. Tun kafin a kulle ciniki mazauna ƙananan garuruwan tsaunuka suka yi ƙorafin cewa kwamitin farko ya cika da mutanen gunduma ɗaya da kuma tsofaffin amintattun asibitin. Babban lauyan jihar na lokacin, Josh Stein, bai amince da cinikin ba sai da aka ƙara sharuɗɗa, ciki har da gyara kwamitin yadda zai wakilci yankin baki ɗaya, da alkawarin riƙe muhimman ayyuka na tsawon shekara 10, da naɗa mai sa ido mai zaman kansa wanda zai riƙa duba ko kamfanin yana cika alkawari. Duk da wannan shiri, a watan Disamba na 2023 ofishin babban lauyan ya kai HCA kotu bisa zargin cewa ayyukan gaggawa da na masu ciwon daji sun ja baya saɓanin yarjejeniya, zargin da kamfanin ya musanta. Gidauniyar tana raba tallafinta a kan gidaje, ilimi, ayyukan yi da lafiya, kuma bisa lissafin kashi 5 cikin 100, dala biliyan 1.5 na iya ba da kusan dala miliyan 75 a shekara, wanda babban abu ne ga yankin karkara. Amma mutumin da motar asibiti ta kawo sashen gaggawa da tsakar dare ba gidauniya ce za ta karɓe shi ba, kamfanin da ya sayi ginin ne, kuma abin da ke kāre shi shi ne abin da aka rubuta a takarda a 2019 da kuma wanda ke da ikon tilasta a cika shi.

A Denver kuwa abin ya ƙara zagayowa. A shekarar da aka sayar da asibitin Rose, Columbia/HCA ya shiga haɗin gwiwa da rukunin asibitocin agaji na HealthONE, aka haɗa asibitocin ɓangarorin biyu ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ɓangaren agajin ya rikiɗe ya zama Colorado Health Foundation, wadda a 2011 ta sayar wa HCA kasonta na kashi 40 cikin 100 a kan dala biliyan 1.45. Ta haka birni ɗaya ya samu manyan gidauniyoyi uku daga cinikin asibitocinsa a 1985 da 1995 da 2011. Asibitin da aka buɗe a 1949 yana nan yana karɓar majinyata, sunan Rose na nan a jikinsa, kuma ribarsa tana tafiya ga masu hannun jarin kamfanin da hedikwatarsa ke birnin Nashville na jihar Tennessee.